Babi na Bakwai: Ragama da Dogonta

Wanda ya hau ƙaramin jirgin filafili a karon farko, sama idonsa ke tafiya, wajen ginshiƙi da farin zanen da iska ta cika. Wanda ya daɗe a harkar kuwa ƙasa yake fara dubawa. So yake ya ga inda igiyar da ke riƙe da bum ta sauka a jikin jirgi: a can baya ne, ko a tsakiyar gurbin da matuƙi ke zama, ko a bisa rufin ɗaki. Da wannan kaɗai zai iya gaya maka ko an ƙera jirgin ne domin mai tuƙi ko domin masu zama, ko mutum ɗaya zai iya da shi idan iska ta taso, da kuma wurin da bai kamata a bar yaro ya zauna ba.

A babin da ya gabata mun bar babban filafili ɗaure ta gefe biyu. Gefensa na gaba yana jikin ginshiƙi, gefensa na ƙasa kuma yana jikin bum, wato sandar nan ta alminiyom da ke kwance, wadda kanta ɗaya ke maƙale da ginshiƙi, ɗayan yana lilo dama da hagu. Jiragen sambuk da suka riƙa ƙetarar da alhazanmu daga Sawakin zuwa Jidda ba su da wannan sanda, igiya ce kawai a kusurwar zane. Amma kusan duk jirgin yawo na zamani yana da ita, kuma igiyar da ke tsare lilonta ita za mu kira ragama. Ba zare ɗaya take tafiya ba. Tana zagaya fuli-fuli, wasu a jikin bum, wasu a ƙasa, ta je ta dawo sau huɗu ko shida, don hannun mutum ɗaya ya iya jan abin da ya fi ƙarfinsa. A wasu jirage fulin ƙasan ɗaure yake a wuri ɗaya. A wasu kuwa yana kan wata 'yar kura mai gudu bisa siririn dogo da aka shimfiɗa daga wannan gefen jirgi zuwa wancan, da ƙananan igiyoyi biyu na jawo kurar dama ko hagu. Wannan dogo, da inda aka kafa shi, shi ne maganarmu.

Ragama aiki biyu take yi lokaci guda, kuma ba kullum ake son su tare ba. Idan bum yana can waje, janta shigo da shi yake yi zuwa tsakiya. Da zarar ya iso saitin fulin ƙasa, jan ya tashi daga na gefe ya koma na ƙasa. Daga nan duk taƙin da ka ƙara, danne bum kake yi, kana ɗame gefen baya na filafili tun daga ƙasa har ƙoli. Haka ma idan ka sassauta: kafin bum ya fita waje, sai ya fara ɗagawa sama, gefen baya ya saki, saman filafili ya buɗe.

Buɗewar nan ba aibu ba ce, ana ma neman ta, sai dai da gwargwado. Iskar da ke kusa da ruwa ta fi ta sama rauni, saboda gogayyarta da fuskar ruwan. Jirgi kuma, da yake tafiya yake yi, yana haifar da tasa iskar daga gaba. Haɗuwar biyun ita filafili ke ji, kuma a can sama, inda iskar Allah ta fi ƙarfi, takan zo ta ɗan gefe fiye da yadda take zuwa a ƙasa. Saboda haka filafilin da aka saita daidai a ɗan murɗe yake, samansa ya fi ƙasansa buɗewa. Idan murɗar ta yi yawa, sama ya zubar da iska a banza. Idan ta yi kaɗan, iska ta kasa bin bayan zanen, ta tarwatse, jirgi ya kwanta da gefe yana jan ƙafa. Masu ɗinka filafili sukan ɗaura 'yan ƙyallaye a gefen baya, a bakin 'yan sandunan da ke miƙar da zane, don matuƙi ya ga abin da ido ba ya gani. Ƙa'idar da aka saba koya wa sabon shiga ita ce: a matsakaiciyar iska, ja ragama har sandar ƙoli ta yi layi ɗaya da bum, ƙyallen sama yana kaɗawa baya yawancin lokaci, yana ɗan ɓuya bayan zane jefi-jefi.

Amfanin dogo shi ne raba ayyukan nan biyu. Ragama ta riƙe murɗa, kura ta riƙe kusurwa. Ka saita siffar filafili sau ɗaya, ka ɗaure, daga nan sai ka riƙa karkatar da shi gaba ɗayansa ta hanyar tura kura sama ko ƙasa, siffar tana nan yadda ka bar ta. Sama a nan shi ne gefen da iska ke fitowa, wanda ke ɗagawa idan jirgi ya kwanta, ƙasa kuma gefen da ke kusa da ruwa.

Mu ɗauki jirgi mai tsawon mita 8 yana hawan iska da yamma, ruwa a lafe, iska tana gudun kilomita 20 a awa. Matuƙi yana zaune a gefen sama, sandar tuƙi a hannunsa ɗaya. Sai ya hango fuskar ruwa ta yi duhu, ta yamutse, duhun yana nufo shi. Guguwa ce 'yar ƙarama, mai gudun kilomita 30. A baki ƙarin rabi ne kawai, amma ƙarfin iska a kan zane yana ninkuwa ne da ninkin gudunta a kanta, don haka nauyin da filafili zai ɗauka ya haura ninki biyu. Jirgi ya kwanta, ruwa ya fara lasar gefen ƙasa, sandar tuƙi ta yi nauyi, domin babban filafili yana bayan tsakiyar jirgi ne, kuma yana ƙoƙarin juya goshi ya fuskanci iska. Idan igiyar kura tana kusa da gwiwar matuƙi, sai ya fizge ta daga maƙalinta, ya bar ta ta sulale cikin tafinsa kamu ɗaya ko biyu. Kura ta gangara, gaban filafili ya ɗan kumbura yana rawa, jirgi ya miƙe, sandar tuƙi ta yi sauƙi, gudu bai ragu ba. Guguwa ta wuce, ya jawo kura inda take. Duka-duka bai wuce numfashi uku ba, kuma wadda ke dafa shayi a cikin ɗaki ba ta ma san an yi ba.

Idan kuwa igiyar tana can kan rufin ɗaki, taku uku daga inda yake, abin da ya rage masa shi ne ya ja sandar tuƙi har ƙirji. Allon tuƙin da ke cikin ruwa, muddin ya karkata fiye da digiri biyar ko makamancin haka, birki ya fara zama. Idan guguwar ta fi haka ƙarfi, allon ya suɓuce wa ruwa, jirgi ya juya da kansa ya fuskanci iska, filafilai suna ta faɗa, kwanuka suna zubewa a ƙasa. Jirgin ɗaya ne, iskar ɗaya ce, dogon ma yana iya zama irin ɗaya daga kamfani ɗaya.

Idan iska ta yi rauni kuma, akasin haka ake yi. Nauyin bum kansa yakan ja gefen baya ya rufe, don haka sai a jawo kura sama da tsakiya, a sassauta ragama, bum ya tsaya a tsakiyar jirgi ba tare da an danne shi ba. Idan ruwa ya yi tudu da kwari, jirgi yana duka yana tashi, nan ma an fi son murɗa, domin filafili mai buɗaɗɗen sama ya fi yi wa matuƙi afuwa. Idan ka ga kura ta kai ƙarshen dogo ta ƙasa ta zauna can, gaban zane yana ta rawa, jirgi bai daina kwanciya ba, to dogo ya gama nasa. Lokacin rage filafili ya yi, ya ma ɗan wuce.

To, ina za a kafa dogon? Duk wanda ya taɓa tura babban ƙyauren ƙarfe ya san cewa a bakinsa yatsa biyu sun isa, amma a kusa da hinjinsa sai an sa kafaɗa. Bum haka yake. Idan tsawonsa mita 3 ne, kuma ragamar da ke ɗaure a ƙarshensa tana ɗauke da nauyin kilo 150, to idan aka mayar da ita tsakiya za ta ɗauki kilo 300 don ta yi aikin nan dai. Fuli, kura, dogo, kusoshin da suka riƙe shi, da rufin da aka ɗaura shi a kai, kowannensu zai ɗauki ninki biyu. Bum ɗin ma hali ya canja masa. Filafili yana jan ƙarshensa sama, ragama tana jan tsakiyarsa ƙasa, ginshiƙi ya riƙe ɗaya kan, wato ana ƙoƙarin lanƙwasa shi ke nan. Shi ya sa bum ɗin da ake ja ta tsakiya ya kamata ya fi kauri, kuma akan rarraba fulin a wurare biyu ko uku a jikinsa, kada nauyi ya taru a rami ɗaya. Bum ɗin da aka yi don jan ƙarshe, aka mayar da shi jan tsakiya ba tare da lissafi ba, yana iya karyewa, kuma a daidai maɗaurin yake karyewa.

Tsakiyar ma tana da nata alherin, kuma ba ƙarami ba ne. Dogo mai tsawon mita 1.2, idan yana ƙarƙashin ƙarshen bum ɗin nan mai mita 3, iyakar karkatar da zai ba ka digiri 11 ne daga tsakiya zuwa kowane gefe. Ka kai shi ƙarƙashin tsakiyar bum, zai ba ka kusan digiri 22. Wato kura za ta ci gaba da aiki har jirgi ya fara karɓar iska ta gefe. Wasu sukan ƙara da cewa igiyar ma ta fi gajarta, amma wannan rabin magana ne. Idan bum ya fita can waje ana bin iska, ƙarshensa yana nisan kusan mita 4 daga dogo. Da zagaye huɗu, sai ka jawo igiya wajen mita 15 kafin ka dawo da shi tsakiya. A tsakiyar bum nisan rabin haka ne, amma idan kana son hannunka ya ji sauƙi irin na da, sai ka ninka zagayen zuwa takwas, ka koma kan mita 15 ɗinka. Kowane allazi da nasa amanu. Ga shi kuma kowane fuli yana cin nasa rabon ƙarfi, kuma ragamar kan rufi takan bi ta gaba zuwa gindin ginshiƙi, ta sauko, ta dawo baya, ta ratsa maƙali, sannan ta hau winci, wato gangar da ake naɗa igiya a kanta don a ja ta. Sakinta ya zama aikin hannu biyu: ka naɗa ta a winci, ka buɗe maƙali, sannan ka sassauta.

Tsofaffin jirage ba su san wannan wahala ba. Bum ɗinsu dogo ne, yakan kai har bayan jirgi, kuma abin da suke da shi sandar ƙarfe ce lanƙwasasshiya a saman sandar tuƙi, da zobe mai zamewa a kanta. Catalina 22, wanda Frank Butler ya fitar a Kalifoniya a 1969, aka kuma ƙera fiye da 15,000, ya gaji wannan tsari: 'yar gajeriyar sanda a can baya, ragama daga ƙarshen bum. Gurbin zama a sake yake, nauyi kaɗan ne, matuƙi yana miƙa hannu baya ya kama igiya. Aibunsa shi ne sandar ta yi gajarta, kusurwar da take bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, kuma igiyar takan share kafaɗar matuƙi idan bum ya ƙetara.

Jiragen da aka yi domin mai tuƙi kuwa, tsakiyar gurbi suke ratsawa da dogo, kowa ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Folkboat na ƙasashen arewacin Turai, wanda aka fara sakawa a ruwa a Suwidin a 1942, ragamarsa a tsakiyar gurbi take sauka, gaban matuƙi. J/24 na Rod Johnstone, wanda ya shiga kasuwa a 1977, haka dogonsa ya raba gurbi biyu. Ba wanda zai ce wurin zaman ya yi daɗi, kuma ƙaurin baƙi yakan gamu da ƙarfen. Amma a irin waɗannan jirage matuƙi ba ya ma tunanin kura, hannunsa ne ke yi.

Abubuwa biyu suka tura dogo gaba. Na farko dokar awon jiragen tsere ta IOR, wadda ta yi tashe a shekarun 1970, ta sa masu zana jirgi suka gajarta bum suka ƙara girman filafilin gaba, jiragen yawo kuma suka kwaikwayi yayin. Ƙarshen bum ya daina kaiwa baya, ya tsaya a saman ƙofar ɗaki, sai aka shimfiɗa dogo a dandamalin da ke bakin ƙofar. Ta fuskar ƙarfi wurin yana da kyau, domin yana kusa da ƙarshen bum kuma ginin jirgi a nan ƙaƙƙarfa ne. Amma mai fitowa daga ɗaki, kansa da hannunsa a kan hanyar kura suke fara bayyana. Na biyu kuma kasuwa. Iyalai sun so sitiyari maimakon sanda, sun so teburi a tsakiya, da rumfar tare feshin ruwa, da rumfar inuwa. Duk waɗannan ba sa zama da igiyar da ke share gurbi. Catalina 30, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970 aka ƙera fiye da 6,000, yana cikin jiragen da suka saba wa mutane da ganin dogo a kan rufi. Kamfanin Hunter na Fulorida ya bi wata hanya a shekarun 1990: ya kafa baka a saman gurbi ya ɗora dogo a kanta, ragama ta koma kusa da ƙarshen bum, sama da kawunan mutane, igiyoyin kura kuma suka sauko kusa da matuƙi. Mutane da yawa sun ƙi ta don ba ta yi musu kyan gani ba. Ni dai ina ganin tunani ne mai kyau, ko da yake ta ɗaga bum sama, ta kuma ƙara nauyi a inda ba a so.

Kada a ɗauka masu son gurbi a sake ba su da hujja. Ragama ita ce igiya mafi haɗari a jirgi. Idan ana bin iska daga baya, matuƙi ya ɗan kauce, iska ta shiga ta ɗaya fuskar zanen, bum yakan ƙetaro da dukkan ƙarfinsa ba sallama. Kowa yana tsoron bum ya same shi a ka, amma bum yana sama, ana iya sunkuyawa. Ragama kuwa, da ta saki ta zama lanƙwasa, takan share duk abin da ke tsakanin bum da dogo, ta ɗame a ƙarshe da ƙarfin da zai jefa babban mutum a kan winci. A watan Yunin 2016 jirgin Platino, mai tsawon kusan mita 20, ya tashi daga Okland ta Niyu Zilan zuwa Fiji. Na'urar tuƙinsa ta kauce, bum ya ƙetara, igiyar da aka ɗaure shi da ita don hana hakan ta gaza, kura ta ɓalle daga dogo. Bum ya shiga lilo ba mai tsare shi, yana jan ragama da ƙarfen kurar a bakinta. Mutum biyu suka rasa rayukansu, ɗaya ya faɗa teku ba a same shi ba. Jirgin mita 8 ba ya ɗauke da irin wannan nauyi, amma yatsun yaro da ke wasa a kan dogo ba sa bukatar nauyi mai yawa. Saboda haka ko'ina dogonka yake, kafin ka juyar da bum da gangan, kawo kura tsakiya ka ɗaure ta ta gefe biyu, kada ta kwasa da gudu ta doki matsayar ƙarshe. Idan za a daɗe ana bin iska, a yi wa bum dabaibayi daga ƙarshensa zuwa goshin jirgi, igiyar ta dawo gurbi inda za a iya sakinta. Kuma a nuna wa kowane baƙo, tun jirgi yana ɗaure, filin da ragama ke sharewa.

Duk da haka, ga inda na tsaya. A jirgin da bai wuce mita 9 ba, mai sandar tuƙi, wanda mutum ɗaya ko miji da mata ke tafiya da shi, dogo ya kasance inda hannun matuƙi ke kaiwa yana zaune, ragama kuma ta kama bum kusa da ƙarshensa gwargwadon iko. Miji da mata a teku, galibi mutum ɗaya ne a waje, ɗayan yana barci ko yana duba taswira. Na sha ganin jirage a tashoshin ruwa da dogo mai tsada a kan rufi, kurar tana tsakiya, igiyoyinta sun yi kore sun sandare a maƙalinsu, alamar an yi shekaru ba a taɓa su ba. Masu su ba ragwaye ba ne. Wurin ne ya yi nisa, yana ƙarƙashin rumfa, kuma nauyin da ke kan kurar ya fi ƙarfin igiya mai zagaye biyu. Suna tafiya da jirgi a kwance fiye da kima, suna rage filafili tun lokaci bai yi ba, suna kuma zaton halin jirgin ne.

Wanda jirginsa ya zo da dogo a kan rufi, ba lalle ne ya tumɓuke shi ba, kuma sau da yawa ban ba shi shawarar hakan ba. Abu na farko shi ne ya duba kurar. Tsohuwar kura mai zamewa ƙarfe kan ƙarfe, wadda ake tsayarwa da fil a rami, ba ta motsi idan filafili ya cika, kuma lokacin ne kaɗai ake bukatarta. 'Yan'uwan nan biyu na jihar Wiskonsin, Peter da Olaf Harken, su suka yaɗa fuli mai boris na ƙwallayen roba a ƙarshen shekarun 1960, har jirage biyu da suka ci zinare a gasar Olamfik ta 1968 suka yi amfani da kayansu. Yau kura mai irin wannan boris ana samunta daga kamfanoni da dama, tana gudu da yatsa ko da nauyi a kanta. Ba ta son giris, domin giris yana tara gishiri da yashi; ruwan daɗi kawai take so a wanke ta da shi. Bayan haka a ƙara zagayen igiyoyin kura zuwa huɗu, a huda musu hanya ta ƙasan rumfa, a kawo bakinsu har inda matuƙi ke zama. Ragamar ma ana iya yi mata baki biyu, kowanne ya bi gefe ɗaya na jirgi ya dawo wincin da ke kusa da sitiyari, tsarin da aka fi sani da na Jamus.

Akwai kuma madannin bum, wato igiya ko sandar da ke tashi daga gindin ginshiƙi zuwa ƙasan bum. Aikinsa ɗaya ne, hana bum ɗagawa. Da zarar bum ya fita ya wuce ƙarshen dogo, ragama ta daina danne shi, madanni ne ke riƙe murɗa. Jirage da yawa na yanzu sun jefar da dogo gaba ɗaya sun dogara da shi: madanni ya riƙe siffa, ragama ta riƙe kusurwa. A ƙaramin jirgi mai gajeren dogo irin na Catalina 22, ƙarfafa madanni ya fi sauya dogo amfani, ya kuma fi araha. Abin da ba zai iya ba shi ne kawo bum tsakiya a raunanniyar iska ba tare da rufe saman filafili ba, kuma da yake yana kama bum kusa da ginshiƙi, yana matsa wa maɗaurinsu lamba sosai. Idan ana tafiya da iska ta gefe kuma guguwa ta kwantar da jirgi har ƙarshen bum ya kusa taɓa ruwa, madannin ne ake fara saki.

Wanda ya ƙudura sai ya matsar da dogonsa, kada ya fara da na'urar huda. Ya fara ɗaura fulin ƙasa na wucin gadi da igiya mai ƙarfi a sabon wurin, ya fita a sassauƙar iska, ya juya jirgi ta kowace fuska, ya ga me ragama ke kamawa: sandar tuƙi idan an ɗaga ta, kusurwar rumfa, winci, ko wuyan wanda ke zaune. Ya auna ko murfin ƙofar ɗaki zai buɗe, ko akwatunan da ke ƙarƙashin benci za su ɗagu. Idan sabon wurin ya fi tsohon kusa da ginshiƙi, ya tambayi mai ƙera bum ko sandarsa za ta ɗauka. Sannan ya leƙa ƙarƙashin inda kusoshi za su fito. Rufin yawancin jiragen nan fata biyu ce ta faiba da katakon balsa mai taushi a tsakani. Kusar da aka ɗaure kai tsaye takan murƙushe katakon, ruwa ya bi ramin, cikin 'yan shekaru wurin ya ruɓe yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Sai an huda rami ya fi kusar faɗi, an ƙwaƙule balsar da ke kewaye, an cika da gam ɗin ifoksi, ya bushe, sannan a sake hudawa daidai kaurin kusa. A ƙasa a sa farantin ƙarfe mai faɗi wanda zai raba nauyin, ba 'yan wasa-wasan zobba ba. Inda dogo zai ƙetare sarari, kamar saman ƙofa ko tsakanin benci biyu, a sayi mai kaurin da aka yi don ya tsaya da kansa, a kuma ɗaure matsayar kowane ƙarshe da kusar da ta ratsa har ƙasa, domin ita ce za ta tari kura ranar da aka manta ba a ɗaure ta ba.